Awa huɗu a kan labarin daƙiƙa 40

Ranar Talata ce, 2 ga Afrilun 2024, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Na dawo daga sallar asuba kenan, idona cike da barci saboda tahajjudi, sai na ga bidiyon a zaurenmu na 'yan jarida a WhatsApp. Bai kai minti ɗaya ba. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne mai farfela yake saukowa a hankali kamar mai neman filin sauka, ya nufi wani gini, ya dake shi, wuta ta tashi. Hannun mai ɗauka ya girgiza, ana ta ihu da Rashanci. A ƙasa an rubuta: “Yukren ta ragargaza masana'antar jiragen Iran da ke Rasha, ba abin da ya rage.”

Ni ke haɗa labaran ƙetare a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano, kuma ranar ba ta rasa labari ba. Jiya-jiya aka kai hari kan ƙaramin ofishin jakadancin Iran a Dimashƙ, aka kashe Janar Mohammad Reza Zahedi. A daren nan aka kashe ma'aikatan agaji 7 a Gaza. A Senegal kuma za a rantsar da Bassirou Diomaye Faye, ɗan shekara 44. Na san labarin Rasha in ya yi yawa ya samu daƙiƙa 40 a labaran rana.

Ina shiga ofis yaron da ke kula da shafinmu na Facebook, mai yi wa ƙasa hidima ne, ya tare ni da waya a hannu.

“Oga, in saka? Wallahi wasu har sun saka, sun samu sharhi ya fi ɗari.”

Na ce masa ya dakata tukuna. Ya kalle ni kamar na hana shi buɗa-baki. Bai san mun taɓa shan kunya ba. A makon farko na yaƙin Rasha da Yukren, a 2022, na sa wani bidiyo na harbo jirage da dare, harsasai na tashi kamar tartsatsin walda, ashe daga wasan kwamfuta ne mai suna Arma 3. Wani ɗan sakandare ne ya tona mana asiri a ƙarƙashin rubutun, da hoton wasan a wayarsa. Tun daga ranar na saka wa kaina doka, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abu na farko da nake yi shi ne in tabbatar bidiyon ba tsoho ba ne aka sake masa riga. Na sauke shi a kwamfuta, na zuba shi a InVID, wata manhaja ta kyauta da ke yayyanka bidiyo zuwa hotuna ɗai-ɗai. Na zaɓi guda uku: jirgin yana sama, lokacin da ya daki ginin, da wanda ginin ya fito sosai kafin hayaƙi ya rufe shi. Na nemi kowanne a Google Lens, sannan a Yandex, domin in dai wurin a Rasha yake Yandex ya fi gane shi nesa ba kusa ba. Duk kwafin da ya fito na safiyar ranar ne. Wannan bai nuna cewa abin da aka rubuta a ƙasan bidiyon gaskiya ne ba, ya dai kawar da zargin cewa na bara ne.

Daga nan sai Telegram. Wanda bai bi wannan yaƙin ba ba zai gane ba, amma rabin labarinsa a can yake fara fitowa, na Rashawa da na 'yan Yukren duka. Ban iya Rashanci ba, don haka na kwafo sunan garin da haruffansu daga taswira, na liƙa a wurin bincike, na riƙa fassarawa da na'ura. Tashoshin Rasha ne suka fara saka bidiyon, ba na Yukren ba, kuma wannan ya ƙara min nutsuwa, domin mutum ba ya ƙirƙiro wa kansa mari. Agogon Mosko yana gabanmu da awa biyu. Da na lissafa, sai na ga abin ya faru ne muna tsakiyar shirin sahur a Kano.

Sunan garin Yelabuga, a Jamhuriyar Tatarstan, a gefen kogin Kama, gabas da Kazan babban birninsu. Tatar Musulmi ne tun fiye da shekara 1,000, don haka akwai waɗanda harin ya riska da azumi a bakinsu kamar mu. A bayan garin akwai wani katafaren yankin masana'antu na musamman da ake kira Alabuga. Na buɗe Google Earth na ja layi daga iyakar Yukren. Kamfanonin labarai wasu sun ce kilomita 1,200, wasu 1,300, kowa da inda ya fara awonsa. Ni na tsaya a kan “sama da kilomita 1,000”, wanda ba mai ƙaryata shi, na kuma rubuta a gefe cewa ya fi nisan Kano zuwa Legas, don mai sauraro ya ji tazarar a jikinsa. Har zuwa ranar ba a taɓa jin harin Yukren ya kutsa cikin Rasha da nisa haka ba.

Cewa akwai masana'antar jirage marasa matuƙa a wurin, wannan ba sabon zance ba ne. A watan Yunin 2023 fadar White House ta fitar da hoton tauraron ɗan'adam na wurin, ta ce Iran na taimaka wa Rasha gina ta. A watan Agusta jaridar Washington Post ta wallafa takardun da aka fallasa, masu nuna shirin ƙera jirage 6,000 zuwa 2025. Jirgin shi ne Shahed-136 na Iran, wanda Rasha ta raɗa wa Geran-2. Tsawonsa kamar mita 3 da rabi, fikafikansa kamar alwatika, injinsa na fetur a baya, yana ɗauke da abin fashewa da ya kai kilo 40 zuwa 50. Tafiyarsa ɗaya ce, ba dawowa. Mutanen Kyiv, babban birnin Yukren, suna kiransa da sunan ƙaramin babur saboda ƙararsa, kuma duk wanda ya ji shi a bidiyo zai rantse ɗan acaɓa ne ya cire salansa. Arha gare shi idan aka gwada da makami mai linzami, shi ya sa ake sakinsu garke-garke.

To amma ginin da ke cikin bidiyon ne ya tsaya min a rai. Na ƙara girman hoton na ajiye shi gefe da taswirar. Gine-ginen masana'anta a Alabuga dogaye ne masu faɗi, rufinsu kamar filin ƙwallo, bangonsu kusan ba taga. Wanda jirgin ya daka kuwa tagogi ne a jere, iri ɗaya, tazara ɗaya, irin ɗakunan kwanan ɗalibai da kowa ya sani a jami'a. Na kira yaron na ce ya duba.

“Oga, wannan ai hostel ne.”

Shi ma ya gani. Ba a jima ba hukumomin can suka faɗi haka: ginin kwanan ɗalibai da ma'aikata ne, kusa da masana'antun, kuma aƙalla mutum 12 sun jikkata.

A nan ne na kusa yin kwaɓa. Akwai wani shafi na hukumar NASA mai suna FIRMS, da ke nuna duk inda tauraron ɗan'adam ya hango zafin wuta a doron ƙasa, da jan ɗigo. Na buɗe, sai ga jajayen ɗigo a tsallaken kogin, wajen garin Nizhnekamsk, inda aka ce an kai hari na biyu kan matatar mai ta Taneco. Har na miƙe tsaye, na ce shi kenan, matata ta ƙone. Allah ya taimake ni na tuna na koma baya da kwanan watan. Satin da ya wuce ɗigon na nan. Watan da ya wuce ma suna nan. Wutar iskar gas ce da matatu ke ƙonawa dare da rana, irin wadda ake gani a Neja Delta. An kai wa matatar hari da gaske a ranar, har wuta ta tashi aka kashe ta, amma waɗannan ɗigon ba su ne shaidarsa ba. Na zauna shiru, na goge layin da na riga na rubuta. Yaron ya yi kamar bai gani ba, Allah ya yi masa albarka.

Saura me kowane ɓangare ya ce. Shugaban Tatarstan, Rustam Minnikhanov, ya ce ba a yi wata babbar ɓarna ba, kuma aiki bai tsaya ba. Daga Kyiv kuwa, majiyoyin leƙen asirin soji da ba su yarda a faɗi sunansu ba sun shaida wa kafafen labarai cewa su ne suka kai harin, masana'antar suka nufa, kuma an yi mata ɓarna mai yawa. Babu hoton cikin masana'antar daga kowane ɓangare. Abin da idona ya gani shi ne jirgi ya daki ɗakin kwana. Sauran duk “an ce” ne.

Wajen ƙarfe 11 na kai wa editanmu takardar. Dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin kaset, yana karatu da jan biro a hannu.

“Malam, wannan labarin naka ba gishiri. Kowa na cewa an ragargaza masana'anta, kai kana cewa an kai hari yankin da take.”

“Yallaɓai, iyakar abin da na iya tabbatarwa kenan.”

Ya ja tsaki, ya ci gaba da karantawa, sai ya zagaye wata kalma da jan biron. Na rubuta cewa Rasha “ta yi iƙirarin” ba a yi ɓarna ba, Yukren kuma “ta ce” an yi. Ya ɗago ya tambaye ni wa ya gaya min wanne ne maƙaryacin. Gaskiyarsa. A kunnen Bahaushe “iƙirari” na ɗauke da ƙanshin shakka, “tabbatarwa” na ɗauke da hatimi, in ka ba wannan ɗaya ka ba wancan ɗaya, ka shiga yaƙin ba ka sani ba. Muka mayar da su duka “ta ce”. Na zo ina taƙama da taswira da tauraron ɗan'adam, ga shi jan biro ya kama ni.

Mun ɗan yi gardama kuma a kan sunan jirgin. Wasu gidajen na cewa “jirgin ƙunar baƙin wake”, ni kuwa ban ga wanda ya ƙona kansa ba tunda ba kowa a ciki. Muka bar shi a “jirgi maras matuƙi”. Ba sai an yi wa mutanenmu dogon bayani ba, tun bayan abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, lokacin da irin wannan jirgi na soji ya hallaka masu taron Mauludi aƙalla 85, babu ƙauyen da ba a san kalmar ba. Zuwa yamma masu nazarin jirage suka gane cewa na Yelabuga ba ma irin wanda aka saba gani ba ne. Aeroprakt A-22 ne, ɗan jirgin shaƙatawa mai kujera biyu da ake ƙerawa a Yukren, aka cire matuƙi aka sa na'ura, aka cika shi da abin fashewa.

Ga abin da aka karanta da rana:

“Jirage marasa matuƙa sun kai hari a Jamhuriyar Tatarstan ta Rasha, sama da kilomita 1,000 daga iyakar Yukren. Ɗaya ya faɗa kan ɗakin kwanan ɗalibai a yankin masana'antu na Alabuga, inda ake haɗa jirage samfurin Shahed, ya jikkata aƙalla mutum 12. Majiyoyin tsaron Yukren sun ce masana'antar suka nufa kuma sun yi mata ɓarna. Hukumomin Tatarstan sun ce aiki bai tsaya ba.”

Ko minti goma ba a yi ba waya ta fara ƙara. Wani ya ce mu karnukan farautar Amurka ne. Wani ya ce Putin ya saye mu, shi ya sa muka ƙi faɗin an ƙone masana'antar. A garin nan zancen Rasha ba ya wucewa salin-alin. Kwana takwas bayan nan sojojin Rasha masu ba da horo suka sauka a Yamai, a watan Agusta kuma aka ga tutocin Rasha a hannun masu zanga-zanga a titunan Kano. Editan ya ce tunda an zage mu ta dama da hagu, mu je mu shirya buɗa-baki.

Na tafi gida ina ganin na yi aiki. Sai bayan wata shida na gane akwai tambayar da ban yi ba. Na rubuta “ɗalibai” na wuce, ban tsaya na ce su waye ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da bincike: 'yan mata kusan 200 daga Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, daga Yuganda, Ruwanda, Kenya, Sudan ta Kudu, Saliyo da Najeriya, an ɗauko su ta wani shiri mai suna Alabuga Start. Tallan a kafafen sada zumunta ya yi musu alkawarin tikitin jirgi kyauta da koyon sana'a da albashi, da farko dala 700 a wata, daga baya aka koma cewa sama da 500. Waɗanda suka yi magana da AP sun ce sai da suka isa suka tarar jiragen yaƙi za su haɗa, suna shafa sinadarai masu cin fata, ana kuma cire kuɗin masauki da na jirgi da na koyon Rashanci daga albashin. Na koma na buɗe hotunan nan uku da na ajiye, na daɗe ina kallon tagogin.

Yaƙin bai jira ni ba. A 2025 Yukren ta sake kai hari Yelabuga a Afrilu da Yuni, ranar 1 ga Yuli kuma ta daki wata masana'antar jiragen mai suna Kupol a birnin Izhevsk na Rasha, aka rasa rayuka aƙalla 3. Ita ma Rasha kusan kullum sanarwarta na cewa ta daki wuraren haɗa jirage na Yukren, waɗanda suka fi wuyar tantancewa saboda a warwatse suke a ƙananan wurare da ɓoyayyun ɗakuna. Masana'antar Alabuga dai ba ta tsaya ba. A watan Yuli tashar Zvezda ta ma'aikatar tsaron Rasha ta nuna cikinta da kanta, baƙaƙen jirage jere reras, matasa na aiki a kansu. A daren 7 ga Satumba Yukren ta ce an sako mata jirage sama da 800 a dare ɗaya, na gaske da na yaudara. Duk lokacin da na ga an rubuta “an ragargaza”, sai in tuna da saƙon nan na WhatsApp.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen Agustan 2025, Gwaggona ta kira ni daga Kaduna. Ba ta saba kira da rana ba.

“Ɗan nan, kai ne mai karanta labaran duniya. 'Yar'uwarka ta tasa ni gaba, wai ta samu hanyar zuwa Rasha aiki, har da kuɗin jirgi. Ka duba min.”

Autarta ce, shekararta 19, ta gama sakandare, jarrabawar shiga jami'a ta ƙi ta sau biyu. Ta turo min tallan. 'Yan mata baƙaƙe cikin fararen riguna suna dariya, ɗaki mai tsabta, dusar ƙanƙara, jerin ayyuka: girki, karɓar baƙi, tuƙi, aikin masana'anta. Ban sha wahalar bincike ba wannan karon, sunan Alabuga Start na rubuce a kusurwar hoton. A makon ne ma gwamnatin Afirka ta Kudu ta gargaɗi 'yan matanta a kan shirin, bayan wasu fitattun masu TikTok da Instagram na can sun tallata shi.

Na kira yarinyar da kanta. Ban yi mata wa'azi ba, na tura mata taswirar, na zagaye masana'antar da ja, na zagaye ɗakunan kwanan, na ce ta duba tazarar da ke tsakaninsu. Sannan na tura mata bidiyon. Ta yi shiru, har na zaci layin ya katse.

“Yaya, ai ni girki na zaɓa, ba yaƙi ba.”

Na ce mata jirgin da ta gani bai tambayi kowa sana'arsa ba.

“To Yaya, nan ɗin da nake zaune wa yake da tabbas? Hanyar Abuja ma ana ɗauke mutane. Ƙawata tana aiki a shago, naira 30,000 ake ba ta.”

Ban samu amsar da zan ba ta nan take ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne a takarda, ita kuwa ana yi mata maganar ɗaruruwan daloli. Na dai karanta mata abin da 'yan matan suka faɗa wa AP, layi-layi, ina fassarawa, Gwaggo na saurare a gefe, ina jin salatinta. Da na gama Gwaggo ta karɓi wayar ta ce magana ta ƙare, fasfo ɗin ma a ɗakinta zai kwana.

Yarinyar ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata. Da na je Kaduna ɗaurin auren wani ɗan'uwa ta kawo min ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni a taƙaice, ta juya za ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

“Yaya, fom ɗin makarantar koyon jinya ya fito. Tunda kai ka hana ni, kai za ka saya.”

Na tambaye ta nawa ne.